Nasser Hejazi: yadda ake auna golan da aka zura wa ƙwallo takwas a wasa uku

Tambaya: Na ga an ce Nasser Hejazi na Iran shi ne na biyu a cikin masu tsaron gida na Asiya a ƙarni na 20. Da na duba, sai na tarar a gasar cin kofin duniya ɗaya tilo da ya buga an zura masa ƙwallo 8 a wasa 3. To da me ya cancanci wannan matsayi? Kuma da ya koma koci, ya taɓuka wani abin kirki?

Amsa: Ɗan'uwa, alƙaluman da ka kawo daidai suke. Hukumar IFFHS mai tattara tarihi da ƙididdigar ƙwallon ƙafa ce ta fitar da jerin, ta sa Mohammed Al-Deayea na Saudiyya a farko, Hejazi na biye masa. Amma ka lura, shi kansa na farkon, Jamus ta zura masa 8 a wasa ɗaya a Sapporo a kofin duniya na 2002, kuma ba wanda ya san aikin da ya ce ya tashi daga babban gola saboda wannan ranar. Yawan ƙwallon da ta shiga raga labarin mutum goma sha ɗaya ne. Idan gola kake son aunawa, sai ka warware ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ka ga wacce ce tasa, wacce ce ta 'yan bayansa, wacce ce kuma ba mahaluƙin da zai iya tarewa.

Bari mu yi wa takwas ɗin nan haka.

A 1978 ƙasa 16 kacal ke zuwa kofin duniya, kuma gurbi ɗaya aka ware wa Asiya da yankin Ostireliya gaba ɗaya. Iran ce ta ɗauke shi, ƙarƙashin koci Heshmat Mohajerani, bayan ta gama zagayen ƙarshe na share fage ba tare da an doke ta ba a rukunin da ya haɗa da Koriya ta Kudu, Kuwait, Ostireliya da Hong Kong. A Ajantina sai ta faɗa rukuni ɗaya da Holan, wadda ta kai wasan ƙarshe a 1974 kuma ta sake kaiwa a wannan shekarar, da Peru ta Teofilo Cubillas, da Sikotilan mai su Kenny Dalglish da Joe Jordan da Archie Gemmill. Holan ta ci 3-0 a Mendoza, Rob Rensenbrink ne ya zura duka ukun, biyu a bugun fenariti. Da Sikotilan an tashi 1-1 a Cordoba, kuma ƙwallon da aka ci Iran ɗan bayanta Andranik Eskandarian ne ya ci gida. Peru ta ci 4-1, Cubillas ya zura uku, biyu daga ciki fenariti ne tsakaninsu minti uku. Lissafin ke nan: fenariti huɗu, cin gida ɗaya, sauran uku.

Fenariti huɗu a wasa uku shaida ce a kan 'yan baya. Ma'anarsa ana wuce su da gudu ko da yanka, su kuma suna kai ƙafa a makare a cikin da'ira. 'Yan wasan Iran na lokacin sun saba da gasar da su ne masu riƙe ƙwallo, abokan karawa na gudun kare kai. Ranar da suka gamu da masu juya ƙwallo cikin taɓawa ɗaya ko biyu, sai ƙafar da a gida take samun ƙwallo ta riƙa samun ƙaurin mutum.

Shi kuwa gola, ga abin da ke gabansa a fenariti. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta mita 2.44, daga ɗigo zuwa layi mita 11. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 90 zuwa 100 a awa tana cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, ƙafa ta tura jiki, kusan rabin lokacin ya tafi, abin da ya rage kuma ba ya isa mutum ya kai hannu jikin turke. Shi ya sa ko a yau, cikin fenariti huɗu ana cin kamar uku. A zamanin Hejazi abin ya fi tsanani, domin doka ta ce gola ya tsaya a kan layi kada ya motsa ƙafafunsa sai an taɓa ƙwallo. Sai a 1997 aka ba shi damar zirga-zirga a kan layin. Ba kuma bidiyon da za a zauna da shi daren jajibiri a nuna masa inda Rensenbrink ya saba aikawa. Abin da ya rage masa shi ne karanta jikin mai bugu: inda ƙafar dogaro ta kalla, yadda ƙugu ya buɗe ko ya rufe, tsawon gudun da ya ɗauko. Manyan masu bugu sun san ana karanta su, don haka suna ɓoye alamar har taku na ƙarshe.

Cin gidan da aka yi a wasan Sikotilan shi ne wurin da za a iya kama Hejazi, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin irin kuskuren nan ana ganin sa kowane mako tun daga filin unguwa har manyan gasanni. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka jefo ƙwallo tsakanin 'yan baya da gola. Hejazi ya fito, Eskandarian ya biyo ƙwallon fuskarsa na kallon ragarsa, Joe Jordan na matsa musu. Suka cakuɗe, ƙwallon ta bar ƙafar Eskandarian ta shige ragar da ba kowa. Ƙa'idar wannan yanayi a bayyane take. Ɗan bayan da ke gudu yana fuskantar ragarsa ba ya ganin abin da ke bayansa. Gola ne ke ganin filin duka, don haka hukuncin nasa ne. Kalma biyu gare shi: ko ya ce tasa ce, ko ya ce a fitar. Kuma dole kiran ya fito kafin ya ɗaga ƙafa daga inda yake, da murya ɗaya mai ƙarfi. Idan ya ce tasa ce, to ya zo da dukkan jikinsa, ko da zai tafi da ɗan bayan ne, shi kuma ɗan bayan aikinsa ya kauce ya tare hanyar ɗan gaba. Idan ya ce a fitar, ya koma layinsa ya buɗe kansa, ɗan bayan kuma ya doka ƙwallon gefe, ko da kwana za ta zama. Abin da ke kawo ɓarna shi ne rabin shawara: gola ya fito taku biyar sannan ya yi shakka, ko ya yi kiran bayan ɗan bayan ya riga ya miƙa ƙafa. Daga nan raga ta zama wayam kuma mutum biyu na rububin abu ɗaya. A irin wannan ƙwallon, ko wa ya taɓa ta ƙarshe, gola yana da kaso, domin shi ne mai ido.

A wasan nan dai akwai darasi na biyu, daga ɗaya ragar. Iraj Danaeifard ya farke wa Iran a minti na 60, ya shigo ta hagu ya buga daga matsattsiyar kusurwa, ƙwallon ta bi ta turken da ke kusa da golan Sikotilan, Alan Rough. Gola ya zaci za a yi kuros, ya saki turkensa taku ɗaya, sai aka bi ta ƙofar da ya bari. Wannan ita ce ƙwallon farko da Iran ta ci a tarihin kofin duniya, kuma makin da ta samu ranar shi ne na farko.

To in ba 1978 ba, ina aka ga girman Hejazi?

An haife shi a Tehran a watan Disamba 1949. Ya taso yana wasan ƙwallon kwando kafin ya tsaya a raga, kuma duk wanda ya horar da yaro mai irin wannan tushe ya san ribarsa: ya iya auna inda ƙwallon sama za ta sauka, ya iya tashi da ƙafa ɗaya, ya iya kamawa a ƙololuwar tsallensa maimakon jiran ta sauko masa ƙirji. Ya fara da ƙaramin kulob mai suna Nader, daga nan ya koma Taj, kulob ɗin Tehran da bayan juyin juya halin Iran na 1979 aka sauya wa suna zuwa Esteghlal. Ya fara tsaron ragar ƙasarsa a 1969 bai cika shekara 20 ba. A 1970 Taj, ƙarƙashin Zdravko Rajkov ɗan Yugoslabiya, ta ɗauki kofin zakarun kulob na Asiya a Tehran bayan ta doke Hapoel Tel Aviv 2-1. A 1972 Iran ta ɗauki kofin Asiya a Bangkok, ta doke Koriya ta Kudu 2-1 bayan ƙarin lokaci. A 1974 ta ci zinare a wasannin Asiya da aka yi a Tehran. A 1976 ta sake ɗaukar kofin Asiya a gida, karo na uku a jere in an haɗa da na 1968, bayan Ali Parvin ya ci Kuwait da bugun tazara. Yana cikin tawagar Olamfik ta Munich a 1972 da ta Montreal a 1976, inda Iran ta kai zagayen 'yan takwas kafin Tarayyar Sobiyet ta fitar da ita da 2-1. Jimillar wasanninsa na ƙasa 62.

Adalci ne a faɗi abu biyu a nan. Na farko, ba shi kaɗai ba ne a fagen. Mansour Rashidi gola ne na gaske, sun yi ta karɓe-karɓen riga mai lamba ɗaya a kulob da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, har akwai manyan wasannin da Hejazi ya kalla daga benci. Na biyu, Hejazi ne a raga ranar 7 ga Satumba 1973 da Persepolis mai jar riga, babbar abokiyar hamayyarsu a Tehran, ta lallasa Taj mai shuɗiyar riga 6-0, sakamakon da har gobe magoya bayan jajayen ke yi wa na shuɗayen gori da shi. Yana da shekara 23 a lokacin. Irin wannan rana ta sha gamawa da matasan gola, musamman a birnin da mutum zai fita kasuwa a riƙa ɗaga masa yatsu shida. Shekara biyar bayan haka shi ne dai aka ba ragar ƙasa a Ajantina. A wurina wannan yana cikin manyan hujjojin matsayinsa, don babu abin da ke rarrabe gola na gari da babban gola kamar abin da yake yi a wasan da ke bin mummunar rana.

Sai kuma a fahimci irin aikin da ake nema wurin gola a zamaninsa, kada a auna shi da mudun yau. Kafin 1992, ɗan baya na iya mayar wa gola ƙwallo da ƙafa ya ɗauka da hannu, saboda haka ba wanda ke tambayar ko gola ya iya raba ƙwallo da ƙafarsa ta hagu. Akwai kuma dokar taku huɗu, wadda ta hana shi yawo da ƙwallo a hannu. Safar hannu mai danƙo ta fara yaɗuwa ne a cikin shekarun 1970, da yawa kuma suna kamawa da hannu tsirara ko da siririyar safa in an yi ruwa. Ƙwallon fata ce, tana shan ruwa ta yi nauyi. Alƙalan wasa ba sa kare gola kamar yanzu. Ɗan gaba na iya zuwa da kafaɗa da gwiwar hannu. A wannan duniyar, abu uku ake dubawa. Kamun ƙwallon sama: tashi da ƙafa ɗaya, ɗaya gwiwar a ɗage ta ɓangaren da ɗan gaba ke zuwa don kare haƙarƙari, hannaye a gaban goshi ba a bayan ƙeya ba, manyan yatsu biyu kusa da juna a bayan ƙwallon don kada ta sulluɓe ta tsakiya. Tsayuwa: ya kasance a kan layin da ya raba kusurwar da ke tsakanin ƙwallo da turaku biyu, ya fito gwargwadon da zai rage wa mai bugu faɗin raga ba tare da ya bar sarari a ɗaga masa ta sama ba, kuma ƙafafunsa su kafu, nauyinsa a kan yatsun ƙafa, a daidai lokacin da ake bugu. Golan da bugu ya same shi yana tafiya, ko ƙwallon ta bi kusa da shi ba zai iya faɗuwa a kan lokaci ba. Sai riƙo: ya kama ya riƙe, kada ya amayar a gaban ɗan gaba. A waɗannan ne aka san Hejazi, musamman iko da sararin samaniyar da'irarsa da natsuwar da ke sa 'yan baya su daina waige.

Idan ka samu hotunan wasannin 1978, kada idonka ya bi ƙwallo. Ka kalle shi daƙiƙa biyu kafin a buga: ina ya tsaya, ya kafu ko yana motsi, bakinsa na aiki ko shiru. Golan da ke yawan shawagi a iska sau da yawa yana gyara kuskuren tsayuwarsa ne. Wanda ƙwallo ke yawan samu a ƙirji, ya riga ya gama aikin da ƙafa kafin a buga.

Bayan kofin duniya Manchester United ta gayyace shi. Lokacin Dave Sexton ne koci, Alex Stepney ya tsufa yana shirin tafiya, kulob ɗin na neman magaji. Sunan 'yan wasan Iran ba baƙo ba ne a can, domin Frank O'Farrell, wanda ya taɓa horar da United, shi ya jagoranci Iran zuwa zinaren 1974. Hejazi ya yi atisaye da su, ya buga wa ƙungiyar 'yan benci wasa da Stoke City. Abin da ya tsayar da maganar takarda ce. Ɗan wasa ba ya sauya ƙasa sai hukumar ƙwallon ƙasar da ya baro ta aika da takardar sallama zuwa hukumar ƙasar da zai koma, kuma a ƙarshen 1978 Iran na cikin yajin aiki da zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Shah, sarkin ƙasar, a farkon 1979. Takardar ba ta zo ba. United ta ba matashi Gary Bailey raga a watan Nuwamba na shekarar, ya kuwa riƙe ta shekaru. Abokin wasansa Eskandarian ya samu ya tafi New York Cosmos a Amurka. Hejazi ya koma Tehran, inda gasar lig ta tsaya cak a tsakiyar kaka, kulob ɗinsa na lokacin, Shahbaz, na saman tebur.

A watan Satumba 1980 yana tare da tawagar Iran a kofin Asiya a Kuwait sai Iraƙi ta kutsa ƙasarsu, ranar 22 ga wata, ana tsakiyar gasa. Mai masaukin baƙi ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da 2-1, suka ƙare a na uku. Bayan haka hukumar wasanni ta ƙasar ta fito da tsarin hana 'yan wasan da suka haura shekara 27 wakiltar ƙasa. Hejazi na da 30. Duk wanda ya san raga ya san abin da wannan ke nufi. Ɗan gaba yana rayuwa da gudu, gudu kuma na raguwa da wuri. Gola yana rayuwa da karatun wasa, shi kuwa karatu taruwa yake, don haka mafi yawan gola sun fi nuna daga wajen shekara 28 zuwa 35. Dubi sa'o'insa: Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya a 1982 yana da 40, Pat Jennings ya buga na 1986 yana da 41, Peter Shilton ya kai wasan kusa da na ƙarshe a 1990 yana da 40. An rufe wa Hejazi ƙofar ƙasa a daidai bakin shekarun da ya kamata su zama mafi kyawunsa. Ya ci gaba da tsare wa Esteghlal raga har 1986, amma a gasar lardin Tehran, don babu lig na ƙasa a shekarun yaƙi. Al-Deayea ya buga wasan ƙasa sama da 170, Hejazi 62. Wani ɓangare babba na wannan tazara daga nan ya fito.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarka.

Gola ya zama babban koci abu ne da ba a cika gani ba, ko da yake akwai irin su Zoff da Raymond Goethals da ya ɗauki kofin Turai da Marseille a 1993. Dalilin ƙarancin a aikace yake. Gola ya shekara ashirin yana kallon wasa daga baya, a tsaye, yana ganin ramukan da ke buɗewa tsakanin 'yan baya. Wannan na taimaka masa wajen tsara tsaro da bugun kwana da katanga. Amma bai taɓa karɓar ƙwallo a tsakiyar fili mutum na huci a ƙeyarsa ba, kuma rabin atisayensa a gefe yake yi shi kaɗai. Ranar da ya ce wa ɗan tsakiya ya juya da sauri, akwai mai cewa a ransa, kai ka taɓa yi? Wanda ya yi nasara a cikinsu yakan nemi mataimaki da ya buga tsakiya ko gaba ya miƙa masa tsarin kai hari, ya kuma guji tsoma baki a aikin mai horar da gola, don kada golan kulob ya riƙa ji kamar ana gwada shi da maigida kullum.

Hejazi ya fara ne a inda ba a zata ba: Dhaka, babban birnin Bangaladash. Ya je kulob ɗin Mohammedan a ƙarshen wasansa, daga 1987 ya zama kocinsu. Ƙwallon Dhaka a lokacin na cika fili maƙil, hamayyar Mohammedan da Abahani ta raba gari biyu. A hannunsa Mohammedan ta ɗauki lig na 1987 da na 1988-89, a cikin wani dogon zango na fiye da shekara huɗu da ba a doke ta a lig ba. Cikin 'yan wasansa akwai ɗan Najeriya, Emeka Ezeugo, wanda daga baya ya je kofin duniya na 1994 da Super Eagles. Babban abin da ake tunawa shi ne 1988, lokacin da Mohammedan ta doke Persepolis 2-1 a gasar zakarun kulob na Asiya ta wuce zagaye na gaba. Kulob daga Bangaladash ya fitar da ɗaya daga cikin manyan Asiya, kuma mai jan ragamarsa shi ne golan da Persepolis ta taɓa zura wa shida. Gaskiya ne ya tarar da ƙungiya mai ƙarfi, domin ta ci lig na 1986 kafin ya karɓa. Riƙe ƙungiyar da ta saba cin kofi kada ta yi sanyi, da ɗaga ta ta yi gogayya a wajen ƙasarta, shi ne nasa aikin.

Da ya koma gida ya zaga kulob da dama: Bank Tejarat, Shahrdari Kerman, Sepahan, Machine Sazi ta Tabriz, daga baya Zob Ahan da wasu. A nan sunan da ya yi na ido ne wajen gano yara. Iraniyawa na danganta fitowar Ali Daei, wanda ya ci wa ƙasarsa ƙwallo sama da 100, da zamansa a Bank Tejarat, haka ma Rahman Rezaei na Zob Ahan, ɗan bayan da ya tafi Italiya ya buga wa Perugia da Messina. Wannan baiwa ba abin mamaki ba ce ga tsohon gola. Ya san ɗan gaban da ke tayar masa da hankali tun kafin ya taɓa ƙwallo, ya kuma san ɗan bayan da ake samun barci a bayansa.

Ƙololuwar aikinsa ita ce Esteghlal daga 1996 zuwa 1999. Ya ɗauki lig na kakar 1997-98. Mai son rage masa zai ce Persepolis ba ta buga wannan kakar ba, ta janye saboda yawan 'yan wasanta da ke sansanin ƙasa ana shirin kofin duniya na Faransa. Haka ne, kuma ya rage wa kofin armashi. Amma kaka ta gaba ta ba da amsa a fagen da ba wanda ya janye: Esteghlal ta kai wasan ƙarshe na zakarun kulob na Asiya, bayan ta fitar da Dalian Wanda ta Sin da 4-3. An buga wasan ƙarshen ranar 30 ga Afrilu 1999 a filin Azadi na Tehran, gaban mutum sama da dubu ɗari, da Jubilo Iwata ta Japan. Baƙin suka ci biyu kafin hutu, ta hannun Hideto Suzuki da Masashi Nakayama. Esteghlal ta farke ɗaya bayan an dawo, aka tashi 2-1.

Wasan ƙarshe a gida, gaban irin wannan taro, tarko ne da kociyoyi da yawa suka faɗa. Jama'a na tura 'yan wasa gaba tun daga busar farko, layin baya na hawa sama fiye da yadda aka tsara, kowa na son ya zama shi ya ci. Baƙon da ya iya haƙuri yana jiran minti goma na ƙarshen rabin farko, lokacin da ƙafafu suka fara nauyi kuma hankali ya fara tafiya ɗakin hutu. Ƙwallo biyu a wannan taƙi na sauya komai, domin maganar da koci ya tanada ta hutun rabin lokaci ta tashi daga gyara ta koma ceto. Bayan wannan rashin zamansa a kulob ɗin bai yi nisa ba. A shekarar aka raba gari. A ganina an yi gaggawa. Kocin da ya ba ka lig ya kuma kai ka wasan ƙarshe na nahiya cikin shekara uku, gyara ƙungiyarsa ake yi, a ƙara masa mutum biyu ko uku. Amma manyan kulob biyu na Tehran a lokacin a ƙarƙashin hukumar wasanni ta gwamnati suke, shugabanni na sauyawa, kowane kuma na zuwa da nasa mutumin. Hejazi kuwa ba mai lanƙwasa harshe ba ne. Yana faɗin abin da ya gani game da masu tafiyar da ƙwallo da ma halin rayuwar talaka, a gaban 'yan jarida, da sunansa. Har ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2005, majalisar da ke tantance 'yan takara ba ta amince da shi ba. Irin wannan hali na sa jama'a su so mutum, yana kuma sa masu ba da aiki su yi nesa da shi.

An dawo da shi Esteghlal a 2007, amma sakamako bai yi kyau ba, cikin 'yan watanni ya bar kujerar, Firouz Karimi ya karɓa. Don haka idan za a jera shi a matsayin koci, ba ya sahun da yake a matsayin gola. Koci ne mai kyau wanda ya ci lig a ƙasa biyu, ya kai wasan ƙarshe na Asiya, ya fito da yara. Ya kuma yi kakanni da dama a ƙananan kulob da ba su bar wani tarihi ba. Inda aka ba shi lokaci da iko, a Dhaka da zuwansa na farko Esteghlal, ya biya. Inda aka kira shi kashe gobara, bai cika daɗewa ba.

A ƙarshen 2009 aka gano yana da sankarar huhu. Bai ɓuya ba, ya ci gaba da zuwa fili yana magana da 'yan jarida har jikinsa ya gaza. Ya rasu a Tehran ranar 23 ga Mayu 2011 yana da shekara 61. An kai gawarsa filin Azadi, dubban mutane suka yi masa rakiya, na Esteghlal da na Persepolis a haɗe, sannan aka binne shi a maƙabartar Behesht-e Zahra. Sansanin atisayen Esteghlal a Tehran sunansa yake ɗauke da shi.